Kwamfutar Malam Ɗan Azumi ta Samnu

Akwai ranakun aiki da yawa da suka shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Malam Ɗan Azumi ya shigo shagonmu na gyaran kwamfuta a unguwar Manshiya rungume da kwamfuta a cikin bargo ba. Lokacin ina shekara ta uku a Sabha, ina matsayin mai gyara na biyu, a ƙarƙashin Usta Miftah, mai shagon. Ɗan Libiya ne, amma ya yi shekaru yana fatauci zuwa Agadas, don haka Hausa yake yi da mu.

Malam Ɗan Azumi dattijo ne, mutumin Tanut, tsohon malamin makaranta. Shi ne magatakardan ƙungiyar masu gonakin dabino a Samnu, wani ƙauye a wajen Sabha. Babban aikinsa buga wa leburori takardar shaidar aiki da Larabci, mai gona ya sa hannu. Wannan takarda ita mutum ke nunawa a bawwaba, wato shingen jami'an tsaro na kan hanya, in zai shigo Sabha asibiti ko kasuwa. Ga shi girbin dabino ya kama, sababbin ma'aikata sun zo daga Nijar, kowa na jiran tasa.

"Usta, ta gaji," in ji Malam. "In na kunna ta, sai na sha shayi na gama kafin ta buɗe. Kafin in buga takarda biyu an ɗauke wuta."

Usta Miftah ya duba, ya ce tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta giga biyu kacal, amma lafiyarta ƙalau. Ya juyo gare ni. "Laminu, sa mata Linux. Kai za ka zaɓi fuskar da ta dace."

Bari in yi bayani saboda sababbin masu gyara a cikinku. Linux shi ne injin da ke aiki a ciki, ba ka ganinsa. Abin da ido ke gani, wato maɓallin jerin manhajoji, agogo da akwatunan fayil, shi nake kira fuska, kuma iri-iri ne. Akwai cikakkun fuskoki da ke zuwa da komai a shirye, irin su GNOME, XFCE da LXQt. Akwai kuma waɗanda tagogi kawai suke shiryawa, ba su kawo komai sai ka ƙara da kanka, irin su Openbox. Ƙa'idar shagonmu ita ce a gwada kowanne daga kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a gefe, kafin a girka.

Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. GNOME ya yi kyau a ido, amma an yi shi ne don injin da ya fi wannan ƙarfi. Da na buɗe takarda biyu sai kwamfutar ta fara nishi. XFCE ya tafi daidai. LXQt ya ɗan fi shi sauƙi. Da na zo kan Openbox kuwa, sai ka ce an sauke wa jaki kaya. Kafin in gyara zama ta buɗe. Shi nake amfani da shi a tawa kwamfutar, kuma gaskiya ina alfahari da hakan. Shi na girka. Na nuna wa Malam cewa in ya danna gefen dama na linzami jerin manhajoji zai fito, in kuma yana son juya haruffan rubutu daga Faransanci zuwa Larabci ya haɗa maɓallai biyu. Ya ce to, ya gode, ya naɗe ta a bargo ya tafi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, wayar Usta ta yi ƙara. Shugaban ƙungiyar ne. Ashe da Malam ya koma ya kunna, sai ya ga allo fayau babu komai a kai, ya manta abin da na nuna masa, ya ɗauka hanya ce ta lalata ta. Kunya ta hana shi kira. Sai ya koma rubuta takardun da hannu. Wani ma'aikaci, Sani, ya ɗauko matarsa mai ciki zuwa asibiti, aka ƙi yarda da takardar hannun a bawwaba, suka yini a rana har sai da mai gonar ya zo da kansa. Allah Ya kiyaye, ba abin da ya same ta.

Usta bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni, "Me ya sa ka zaɓi wannan?"

Na ce, "Shi ya fi sauri, Usta."

"A hannun wa?"

Ya miƙo mini kile uku da makullin mota. "Tafi Samnu. Ka zaunar da shi a kujera, kai ka tsaya a baya. Hannunka kada ya taɓa linzami."

Ofishin ƙungiyar ɗan ɗaki ne a bakin gonaki, ga leburori zaune a inuwar dabino suna jira. Sani na cikinsu. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai dube ni ba. Malam kuwa shi ya fara ba ni haƙuri, wai ya ɓata mini aiki. Na ce, "Baba, aikin ne bai yi ba. Zauna ka gwada, wanda ya yi maka shi za mu bari."

Na fara sa masa LXQt. Ya ga maɓalli a ƙasa, ya danna, jerin ya fito, ya yi murmushi. Amma ya matso da fuskarsa dab da allo. A nan na gane idonsa ya yi rauni, abin da ban lura da shi ba a shago. Ya nemi inda ake ƙara girman rubutu ya samu, sai dai wasu manhajojin ba su bi ba, sai an ƙara gyara wani wuri. Hannuna na ta ƙaiƙayi, na danne shi a aljihu.

Sai XFCE. Ya ɗan fi jinkirin buɗewa, ni na lura, shi bai ma kula ba. Ya lalubo wurin gyare-gyare da kansa, ya ƙara lamba ɗaya, rubutu ya girma ko'ina. Ya jingina da kujera a karon farko. Abu ɗaya ya roƙa: a sa masa alamar harshe a kusurwa, ya riƙa dannawa maimakon haɗa maɓallai. Ina sa masa Larabci da Faransanci sai ya hango Hausa a jerin.

"Tsaya, ɗana. Har da namu?"

Na ƙara masa. Ya nemi ɗ mai lanƙwasa ya samu, ya nemi ƙ ya samu. Ya daɗe yana kallon allon, ya ce tun da ya bar aji bai ga injin da ya san waɗannan haruffa ba.

Na girka XFCE kafin azahar. Na koma waje na zauna, ina jin injin buga takarda na aiki. Kafin la'asar kowa ya karɓi tasa. Sani ne na farko. Ya linke ta ya sa a aljihun gaba, sannan ya zo ya zauna kusa da ni ya miƙo mini dabino.

Ban ce Openbox ba shi da kyau ba. Har gobe shi ke kan tawa. LXQt ma mun sa wa mutane da yawa sun ji daɗinsa, GNOME kuma a sabon inji ba ya da matsala. Abin da na koya shi ne sauƙin fuska ba a ƙwaƙwalwar inji kaɗai ake auna shi ba. Akwai idon mai aiki, da abin da hannunsa ya saba, da kunyar da za ta hana babban mutum ya ce bai gane ba, da kuma mutanen da ke zaune a waje suna jiran abin da zai fito. Shi ya sa yanzu da nake shugabantar ku, ba na sa hannu a kan aikin kowa sai na ga mai kwamfutar ya kunna ta, ya yi aikinsa, ya kashe, mai gyara na tsaye bai ce uffan ba.