Wankin Litinin na Mahaifiyar Jacomina

Gwaggo Jacomina maƙwabciyata ce, tsohuwar mai suyar kifi a bakin teku. Bakinta ya fi wuƙarta kaifi, amma duk wanda ya kwanta ciwo a layinmu, miyarta ce ke fara isa gidansa.

Tana 'yar ƙarama jiragen yaƙi suka fasa katangar da ke tare teku, ruwa ya cinye ƙauyensu. Ita an riga an kai ta wajen dangi a tudu. Mahaifiyarta ba ta fita ba, kuma ko hotonta ɗaya bai tsira ba. Ta sha ce mini, "Lieneke, na manta fuskarta. Wace irin 'ya ce ni?"

Da na ji an buɗe wa jama'a hotunan da jiragen leƙen asiri suka ɗauka daga sama lokacin yaƙin, na ce mu je laburare.

"Ke dai akwai neman magana! Hotunan waɗanda suka fasa mana gari?"

Tana mita tana ɗaura takalmi.

Ma'aikaciyar laburaren ta buɗe mana hoton ƙauyen a kwamfuta. Gwaggo ta yamutsa fuska. "Wannan ai kashin kaji ne." Ita daga ƙasa ta san garinsu, ba daga sama ba. Sai da ta gane hasumiyar coci, sannan ta bi titi da yatsa tana kiran sunayen masu gidaje, har ta tsaya a kan wani ɗan rufi, na gidansu.

Bayan kowane gida akwai wasu fararen abubuwa a kan ciyawa. Ma'aikaciyar ta ce wataƙila hoton ne ya lalace.

"Haba 'yar nan! Zannuwan gado ne. Litinin ce, ranar wanki. Macen da ba ta baza shanya ba, da ita ake kwana a baki."

Aka duba kwanan watan. Litinin ce kuwa, kuma washegari jiragen suka dawo da bama-bamai.

A gefen shanyar gidansu akwai wani ɗan ɗigo mai inuwar mutum, ya sunkuya. Ba fuska, ba komai.

Gwaggo ta goge tabarau, ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Can ta yi magana a hankali, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Inna, ki bar wankin nan. Ki taho mu tafi."