Birkin Babbar Mota da Malfar Yaya

Na sa wa motata birkin babbar mota saboda ƙafata ta dama ta daina ƙarfi.

A hanyar hamada ƙafar ta karye, lokacin ina tuƙa wa wani. Motar ta kife da mu. Ni na fito, wasu ba su fito ba. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Ta warke gajera, tana ɗaukata, amma ba ta iya danne abu da nauyi. Na dawo gida Damargu, ni da yayana muka sayar da shanun gado, muka sayi tsohuwar bashe, irin mai buɗaɗɗen bayan nan. Da ita nake bin kasuwanni, Gangara, Ollelewa, Falanko. Gero a ƙasa, mutane a sama, awaki a tsakani.

Wata ranar kasuwar Ollelewa na shigo da lodi. Na taka birki. Motar ta ji, amma ba ta yarda ba. A hankali take tafiya kamar saniya ta hangi rijiya, har ta shige rumfar mai tabarmi. Shi tun daga nesa ya ga zuwanmu, ya ɗauki butarsa ya koma gefe. Na tsaya da rufin rumfar a kan gilashi. Ba wanda ya ji ciwo. Kasuwa ta yini tana dariya.

Yaya bai yi dariya ba. Manomi ne, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Ya miƙo hannu, na ba shi makulli.

"Yau tabarmi ne," in ji shi. "Gobe ɗan mutane. Ka zauna bakin hanya ka sai da mai a kwalba."

Na san masu sai da mai a kwalba. Suna zaune, motoci na wuce su. Ban fito daga ƙarƙashin mota a hamada don in zauna ina kallon motocin wasu ba.

Ina da taubashi a Tanut, ɗan kawunmu, makaniki ne. Na je na faɗa masa. Ya dubi ƙafar ya ce, "Ƙafa ɗaya da rabi, ita ba ni da irinta a gareji. Amma zo ka gani."

A bayan garejin akwai wata babbar motar jeji da ta ƙone daga baya, gabanta lafiya lau. Ya nuna min farantin birkinta, faɗinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya nuna min ƙarfen da ke cizon farantin, su makanikai etiriye suke ce masa. Nawa kusa da shi kamar bakin akuya kusa da na raƙumi.

"Wannan ko da ɗan yatsa ka taɓa shi zai kama," in ji shi. "Sai dai ka canza janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, naka ba zai rufe shi ba."

Na koma na gaya wa Yaya. Ya ce zai bi ni. Shi zai riƙe makulli, shi zai yi gwaji. In ta tsaya da lodi inda ya ce, da ƙafata, ya ba ni. In ba ta tsaya ba, kwalba.

Muka kai ta Tanut, wani direba ya tuƙa. Taubashi ya kwance ƙarafan biyu, na dama da na hagu, ya jefa su cikin daro guda ya wanke da fetur har suka yi ƙyalli. Ya yanka ƙarfe, ya huda, ya yi musu mazauni. Ni ina miƙa masa lakile, abin kwance noti. Yaya na zaune kan turmi a inuwa, da malfarsa a gwiwa, yana jan carbi yana kallonmu kamar ɓarayi.

Birki da mai yake aiki. In iska ta shiga bututun, ka taka sai ka ji laushi kamar ka taka ƙullu. Fitar da ita aikin mutum biyu ne, ɗaya na taka birki, ɗaya na buɗe wani ɗan baki a jikin ƙarfen. Takawar na son ƙafa mai ƙarfi. Taubashi ya dubi tawa, ya dubi ta Yaya.

"Sarkin noma, taso. Ƙafar da ke bin shanun huɗa nake so."

"Ni ba ɗan tasha ba ne."

"Ba wanda zai gan ka. In an gan ka ma ni zan faɗa."

Yaya ya tattare rigarsa ya shiga. Ya cire takalmi tukuna, kamar zai shiga masallaci.

"Taka," in ji taubashi daga ƙarƙashi. "Taka. Riƙe. Saki."

Suka yi ta yi. Mai na fita, birki na nan da laushinsa. Aka yi azahar aka dawo. Taka, riƙe, saki. Yaya ya jiƙe da gumi. Ni ina tsaye ina ƙara mai, ina kallon kwalbar da ke hannuna, ina ganin irinta jere a bakin hanya ni kuma a bayansu.

"Kai dai ba ka iya taka ba," in ji taubashi. "Kamar mai tsoron kunama."

"Ba don uwarka ƙanwar uwata ce ba, da na faɗa maka magana," in ji Yaya.

"Ubana ne wan uwarka. Ko zumuncin ma ka manta."

Yaya ya fito yana ɗingishi, mu biyu muka zama iri ɗaya. Ya ce a nuna masa abin da ya yini yana yi wa bauta. Ya durƙusa ya leƙa. Ya daɗe.

"Wannan ɗan bakin kake buɗewa?"

"Shi."

"A ƙasa yake."

"To?"

"In na nutsa jarka a kwamin rijiya, ta sama kumfa ke fita. Ban taɓa ganin iska ta sauka ƙasa don ta fita ba."

Taubashi ya sake duba bakin. Ya leƙa wancan gefen, shi ma bakin a ƙasa yake. A daron wanki suka cakuɗe, na dama ya tafi hagu, na hagu ya tafi dama, kuma kowanne ya zauna daram kamar gidansa. Ya kwanta a ƙasa yana dariya har da tari. Ya musanya su. Yaya ya koma ciki ba wanda ya roƙe shi. Bai daɗe yana takawa ba ya ce, "Ya yi tauri."

Da safe muka ari buhunan gero a wurin wani maƙwabci, muka loda ta kamar ranar kasuwa. Masu zaman gareji suka hau sama don su ƙara nauyi. Muka tafi wani gangare a bayan gari. Yaya ya sauka, ya taka zuwa ƙasa, ya ajiye malfarsa a tsakiyar hanya ya danne ta da dutse. Ya dawo ya zauna kusa da ni, ya sa makulli da hannunsa.

"In ka kai itacen aduwar can ka taka. Ka taɓa min malfa, ka san saura."

Na sake ta. Ta yi gudu. Muka zo aduwa, na taka da duk ƙarfin da na saba, irin takawar tsohon birki. Motar ta kafe wuri guda. Goshin Yaya ya gaisa da gilashi. Na sama suka taru a kan juna suna salati, taubashi na zagina daga ƙarƙashinsu. Malfa na can gaba, ko ƙura ba ta kai mata ba.

Yaya ya shafa goshinsa. Ya fita, ya je ya ɗauko malfar ya sa. Da ya dawo bai zare makullin ba.

"A hankali za ka riƙa taka shi," in ji shi. "Ni na san ƙarfinsa."

Har yau duk wanda ya shiga motar sai Yaya ya gaya masa shi ya gyara birkin. Ban taɓa musa masa ba.

Yanzu ina nan ina bin kasuwanni. Mai tabarmi ya sake rumfa, in ya gan ni ba ya ɗaukar buta. Makulli na aljihuna, ƙafar kuwa tana nan yadda take.