Ranar da Gwaggo Ta Farke Sirdi

In da mai cin abinci a cikinku, ya ƙarasa kafin in fara, don labarin nan yana da wari. Kada a ce ban faɗa ba.

Gwaggona ce, ƙanwar babana. Gwaggo Ƙararrawa ake ce mata a unguwa, saboda tun kafin kekenta ya shawo kwana za ka ji ƙirrr, ka san burodi ya iso. Gajeriya ce kakkaura, in tana dariya har kafaɗunta sai sun taya ta. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, aka ba ta ɗakin da ke kusa da famfo. Babana ya so ta zauna a riƙa miƙa mata kwano, ta ce ai ba tare aka binne su ba. Ta nemi aiki a gidan burodi, aka ba ta keke da akwati, tana kai wa masu shaguna da masu shayi.

Ban taɓa ganin mai son aikinsa kamarta ba. Ta san mai shagon da ke son burodi mai ƙonannen gefe, ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda sai an zage shi yake jin daɗin ranar. Takan ce in iska na dukan fuskarta, mantawa take yi gadonta ya yi mata faɗi.

To amma kekunan gidan burodin na maza ne, dogaye, tsofaffi. Sirdinsu siriri kamar harshen kare, hancinsa ya ɗaga sama. Ita kuwa sai ta miƙe ƙafa iya miƙewa kafin ta taɓo feda, sai ta duƙa gaba kafin ta kamo kan keken. Nauyinta duk, maimakon ya sauka a ƙashin mazaunai, sai ya sauka a gabanta, a kan nama mai taushin da ba a halicce shi don ɗaukar kaya ba. Taka ɗaya gugar hagu, taka ɗaya gugar dama, tun safe har rana ta take.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk matan da ke kai burodin abu ɗaya ke cin su, amma babu mai cewa uffan. Dabararsu ita ce naɗi. Mai aikin safe ta zo da soson katifa ta ɗora a sirdi ta ɗaure da roba. Ta yamma ta karɓi keken, don kekunan na haɗaka ne, ta ji bai isa ba, ta ƙara tsohon tawul. Wata ta ƙara tsumman zane. Kuma babu mai kwance na wata, don kwancewa tamkar tambaya ce, “Ke ma?” Haka sirdin ya yi ta ƙiba kamar an jibga gammo a kan gammo. Ruwan sama ya jiƙa shi, zufa ta jiƙa shi, wanda bai kamata in faɗa ba ma ya jiƙa shi, bai taɓa bushewa ba. Su a ganinsu taushi suke ƙarawa. Ashe in ka zauna soso ya lotsa, tsakiyarsa turowa sama take yi, ta danne daidai wurin da ake gudun a danne, ga zafi ga laima.

Da fari fata ce ta saɓule, fitsari ya koma mata kamar ruwan barkono. Daga nan wurin ya riƙa mutuwa, ta sauko daga keke ta mintsini kanta ba ta ji. Sai gefen hagu ya kumbura. Sai maruru ya fito a matse-matsi, ya yi baki, ya ƙi fashewa. Tafiyarta ta koma ta agwagwa.

Kun san bakin mutane. Bazawara, tana yawo shago-shago cikin maza, ga ta tana gwale ƙafa. Tir! Matan da take yi wa ’ya’yansu alherin gutsuren burodi su ne suka fara ƙifce da ido. Ta je kemis ta yi bayani a dunƙule, mai kemis ɗin, wanda ta haife shi a girme, ya yi wani murmushi mai maiƙo.

“Mama, ai na ɗauka kun yi ritaya daga wannan harka.”

“Wace harka, ɗan nan?”

“Ba komai, Mama. Ki sha wannan. Shi ma mutumin a ba shi ya sha.”

Ta fito ta watsa ƙwayoyin a kwata, ta zo gida ta rufe ɗaki.

Innata ce ta gano, wajen wanki. Ta ɗaga wani ɗan kamfai ta ga jini da mugunya sun bushe sun yi ƙamas, ta shiga ɗakin ba sallama.

“Ƙanwar miji, so kike ki ruɓe mana a gida da ranki? Tashi!”

“Gajiya ce kawai.”

“Gajiyar ce ke wannan ƙarnin? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki mayafinki.”

A asibiti wata nas ta tsaga marurun. Inna ta ce abin da ya fito ya kusa cika ƙaramin kwano, sai da ta fita ta tofar da yawu. Nas ɗin ba ta yi murmushin kowa ba. Ta tambayi Gwaggo aikinta, ta tambayi a kan me take zama, sannan ta ce ta huta har ya warke, kuma in ta sake hawa wannan sirdin, gaba sai an yi mata tiyata.

Hutun nan shi ne tashin hankalin. Manajan gidan burodin, Agogo suke ce masa don kullum idonsa na kan tsintsiyar hannunsa, ya aiko a gaya mata akwai masu jiran a ba su layin da take kai burodi. Ta ja ƙafa ta je.

“Wai ciwon me ne?” in ji shi.

“Jikina ne, ranka ya daɗe.”

“Kowa ma da jiki yake yawo. In za ki hau, ga kekenki can. In ba za ki hau ba, ki faɗa in ba wa wata.”

Gwaggo ta dubi keken a jingine da bango, sirdinsa ya yi baƙi yana sheƙi. Bakinta ya kasa faɗar sunan wurin a gaban namiji. Sai ta juya wajen bakaniken da ke gyara musu kekuna a tsakar gidan, ta ce, “Ɗan’uwa, ara mini wuƙarka.”

Ta gungura keken har gaban Agogo, daidai ƙofar da ake fito da burodi da zafinsa, ta tsinke robar farko.

Jama’a, ni ban je ba, amma abokiyar aikinta, wadda suke kira Doguwa, ta ba ni labari tana toshe hanci kamar abin yana gabanta. Tsumman sama ya ɓaro da kansa. Tawul ɗin da ke ƙasa ya yi fumfuna, kore da fari. Soson farko da ta taɓa, ruwa baƙi ya tsiyayo ta tsakanin yatsunta. Na biyu ya narke ya zama kamar tabo, da taswirar tsohon jini a jiki, na wa da na wa, Allah kaɗai ya sani. ’Ya’yan kyankyasai suka watse kowa ya kama gabansa. Can ƙasa kuma ga ainihin sirdin, fatarsa ta yage, kan wani noti mai tsatsa ya leƙo.

Wari ya gauraye tsakar gidan, ya danne ƙanshin burodi. Gwaggo ta ɗaga soson da bakin wuƙa.

“Ranka ya daɗe, ka tambayi ciwon me. A kan wannan nake zama.”

Kun san abin da ya fara fitowa daga bakin bawan Allah ɗin nan? “Kai! Janye shi daga wajen burodi!”

Ko sannu bai ce mata ba. Ya sa aka farke naɗin duk kekunan aka ƙone, ya ce daga yau ba ya son ganin tsumma, a hau sirdi yadda kamfani ya yi shi.

Doguwa ta ce, “Oga, don Allah hau ka zagaya mana tsakar gidan nan, mu koya.”

“Ke, ni sa’anki ne?”

“A’a, wallahi. Mu ma so muke ka ci gaba da haihuwa.”

Matan suka tuntsire da dariya, irin dariyar da ke kusa da kuka. A nan ne wata ta ce a hankali ita ma ta daɗe ba ta bari mijinta ya matso ta. Wata ta ce ita tsugune take cin abinci. Ashe kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce jikinta ya lalace.

Kashegari suka zo da wuri, suka sa bakanike ya kwance sirdunan ya jera wa Agogo a kan teburinsa. Suka loda burodi, suka tura kekunan da ƙafa. Ba su ƙi aiki ba, ba su yi wa kowa rashin kunya ba. Gwaggo ma ta bi su da tafiyarta ta agwagwa. Burodin karin kumallo ya isa shaguna rana tsaka, ya huce ya yi tauri. Masu shayi suka yi ta kiran waya, har maganar ta kai kunnen mai gidan burodin.

Ba a jima ba aka kawo sababbin sirduna, masu faɗi daga baya, da rami a tsakiya. Bakanike ya sauke mata nata daidai tsawon ƙafarta, ya kwantar da hancinsa, ya ɗaga kan keken don ta daina duƙawa. Layinta bai tafi hannun kowa ba.

Sai dai kumburin hagun bai gama sacewa ba har yau. Nas ta ce naman ya riga ya taurare, kuma akwai wurin da ji ba zai dawo masa ba.

Ranar da ta koma aiki, Agogo ya tsaya a ƙofa yana shafa ciki.

“Kin gani ko? Ni ba na wasa da lafiyar ma’aikatana. Da kun yi magana tun farko ai da an wuce wurin.”

Gwaggo ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja wani dogon tsaki. Ta ɗaga ƙafa a hankali ta haye, ta zauna, ta ɗan yi jim tana sauraron jikinta. Sannan ta gyara zaman mayafinta.

“Matsa mini, ranka ya daɗe, mutane na jiran burodi.”