Yadda Na Cire Surukina Daga Bidiyon Bikin Ɗansa

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar kasuwar Ɗanbatta. Mu uku ne a shagona: ni, da telan da ke maƙwabtaka da ni, da wan matata wanda ke gyaran kwamfuta a Kano. A lokacin ni ne mai ɗaukar bidiyo a ƙauyenmu. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ba na wasa da tsari, kuma kowa ya san haka.

Mahaifina malamin allo ne. Na ɗauki walimar saukar ɗalibansa, inda ya yi karatu ya rufe da addu'a, kuma bai sake zama a gaban jama'a ba har Allah Ya karɓi ransa. Na juye bidiyon a tsohuwar kwamfutata, na goge na kyamara saboda wani aiki. Da na zo tacewa domin in raba wa dangi, sai hoton ya riƙa sarƙewa. Aka ce sai na sauya katin girafik, wato abin da ke ɗaukar nauyin hoto a cikinta. Surukina, wato wan matatan nan, ya ce zai kawo mini, ya kuma sa da hannunsa.

Na riga na yi tambaya, na san matakan. Da farko a kwashe aiki a wani wuri. Na biyu a duba ko akwatin wutar kwamfutar zai iya ɗaukar sabon katin. Sannan a sa. Da ya zo da katin a wannan yammar, na fara faɗa masa haka, sai ya yi dariya, ya tambayi tela ko yau mai kyamara ne zai koya wa injiniya aiki. A wurinmu ba a musu da wan mace a gaban mutane, ba a kuma tsaya masa a ka. Na ce to Yaya, na fita waje na ba shi wuri. Ta taga na ga katin bai sami wayar da ta dace ba, ya yanke wata ya haɗa da salatif. Na gani, na yi shiru. Da ya kunna, fanka ta juya, aka ji ƙara, sai ƙauri. Akwatin wuta ya ƙone, ya tafi da faifan da ke ajiye komai. Na kai wurare da dama a Kano, kowa ya ce babu abin da zai fito.

Da ya ba ni haƙuri, da na haɗiye. Amma sai ya bi dangi yana cewa janaretona ne ya yi ɓarnar, wai ɗan ƙauye da kayan zamani sai a hankali. Innata kuwa tana ta tambayata yaushe za ta ji muryar Malam.

Na jira. Bara ya aurar da babban ɗansa, ya aiko in ɗauki biki tunda na gida ne. Na ɗauka tsaf, daga ɗaurin aure har kai amarya. Sannan na zauna a sabuwar kwamfuta na bi bidiyon daki-daki. Duk inda fuskarsa ta fito na yanke. Jawabinsa na cire, na sa na direban da ya kawo kujeru. Da ya zo yana huci, na ce masa wataƙila janareto ne. Har yau ba ya amsa sallamata, matata ma ta daɗe ba ta yi mini dariya ba.

Ban yi nadamar abin da na yi masa ba. Shirun da na yi a bakin taga shi ke hana ni sukuni, domin ramuwar ba ta dawo da ko aya ɗaya ba. Wanda zai sauya kati a tsohuwar kwamfuta, ya kwashe aikinsa tukuna, ya duba wuta, kuma kada kunya ta fitar da shi daga ɗakin.

Ina roƙonka mai karatu: in ka taɓa halartar wata walimar sauka a ƙauyukan yankin Ɗanbatta, ka ɗauki wani dattijo mai siririyar murya yana addu'a a ƙarƙashin darbejiya, ka duba wayarka, ka aiko wa wannan mujalla. Innata tana jira, kuma ta tsufa.