Balan-balan Ɗin da Na Kai Birmingham

Asabar: daga Manchester

Muna idar da sallar asuba, gari bai waye ba, muka fito daga flat ɗin 'yata Hauwa da ke unguwar Cheetham Hill. Wata biyu ke nan da zuwana daga Yauri don in taya ta jego, ita kuma tana karatu a Salford. Birmingham muka nufa, walimar sunan jikan Yaya Binta, ɗiyar kawuna. Hauwa ta rataya jaririya a ƙirji, ni ina riƙe da jaka. A cikin jakar akwai gudummawata: balan-balan ƙunshi biyu, fari da shuɗi, da zare mai ƙyalli na ɗaure su. Ni na zaɓo su da kaina a wani shagon sari, don Yaya ta ce a waya abin da ake yayi ke nan, a hura su, a sake su sama, a ɗauki hoto.

Jirgin cikin gari da suke kira tiram ya kai mu kusa da tashar mota. Ina ta buɗe jaka ina rufewa.

"Mama, me kike nema? Ticket yana cikin wayata."

"Dubawa kawai nake yi."

Bas ta tashi ƙarfe bakwai. Direban ya ga ina lalubar bel, ya faɗi wani abu yana dariya. Hauwa ta ce wai in saki jikina, bai taɓa ɓatar da kakar kowa ba. Hanya ta kai mil tamanin da wani abu, ban ga shingen 'yan sanda ko ɗaya ba, sai yayyafi da tumaki a saura. Muka karya da burodi da dambun nama. Cunkoso ya riƙe mu a bakin gari, muka sauka wajen ƙarfe goma.

Gidan kifaye

Nura ɗan Yaya Binta, uban jaririn, shi ya tarbe mu. Ya ce tunda walima sai gobe, bari ya nuna mini gidan da ake ajiye halittun teku.

Mahaifina masunci ne. Na san giwan ruwa da ragon ruwa da tarwaɗa, na san kififiya. Amma teku ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi. Aka shigar da mu wani lungu na gilashi, ruwa ta sama, ruwa ta gefe, kifayen da suka fi ni tsawo suna wucewa a kan kaina. Na kama hannun Hauwa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina tunanin in gilashin nan ya tsage ta ina za mu fita da jaririya.

A ƙarshen lungun na gan ta. Kififiyar teku ce, faɗinta ya kai murfin rijiya. Hannunta ɗaya na gaba babu, sai dungulmi. In ta yi iyo sai ta karkace, ta zagaya, ta dawo inda ta fara.

Wata Baturiya mai aiki a wurin tana tsaye da kwalba tana yi wa mutane bayani, Hauwa tana fassara mini. A bakin teku aka tsince ta, zare ya nannaɗe hannun har ya ruɓe aka yanke. Abin da ke cikin kwalbar kuwa irin wanda ake cirowa ne daga cikin dabbobin ruwa: leda, murfin gora, da wani abu shuɗi a yamutse, da zare mai ƙyalli a bakinsa. Suna ɗaukarsa wata halitta ce mai laushi da suka saba ci. Ta ce wannan kififiya ba za ta sake komawa teku ba har ta mutu.

"Hauwa, tambaye ta, har balan-balan ɗin da aka saki a cikin gari?"

Ta tambaya. Matar ta ce duk abin da ya hau sai ya sauko, iska tana kai shi nesa, wanda ya faɗa kogi kuma ruwa ya ƙarasa da shi.

Kififiyar ta zo daidai fuskata ta tsaya, idonta a jiƙe kamar na tsohuwa. Na mayar da jakata bayana.

Lozells

Gidan Yaya yana unguwar Lozells, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna. Muna shiga ta karɓi jakar tana murna, ta miƙa ƙunshin balan-balan ɗin ga surukarta tun kafin in zauna. Muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, ni dai bai wuce mini da daɗi ba. Da la'asar na same ta a kicin tana yankan albasa.

"Yaya, da an ɗaure su a jikin bango kawai, a bar sakin nan."

Na ba ta labarin kififiya. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Ladidi, waswasin nan naki har Ingila ya biyo ki? Ina teku a Birmingham? Ko ke kika zama sarkin ruwa?"

"Yaya, rai ne fa. Za a tambaye mu."

"To in an tambaye ki ki ce ni na sa ki."

Nura ya leƙo. "Gwaggo, don't worry, a jikin ledar an rubuta suna narkewa da kansu."

"Kafin su narke fa? Zaren fa?"

Ya sosa ƙeya, ya ce an riga an kira mai hoto, dangin matarsa kuma daga London za su zo. Na yi tunanin in ɓoye su. Amma gudummawar da aka miƙa ta zama ta masu gida, ɗaukarta sata ce.

Lahadi: walima

Bayan azahar aka taru a wani zauren haya mai fili a baya. Aka yi addu'a, aka ci abinci, sannan aka fito da balan-balan ɗin a hure, kowa aka ba shi ɗaya. Yaya ta jawo ni gaba tana ce wa baƙi, "Ƙanwata ce ta kawo su, takanas daga Manchester." Mata suna ta yi mini sannu da ɗawainiya.

Mai hoto ya ƙirga, aka saki. Yara suna ihu. Ni yatsuna suka ƙi buɗewa.

"Ladidi, saki mana! Kina ɓata hoto!"

"Yi haƙuri, Yaya."

Ta faɗa sau biyu a gaban surukanta, ban saki ba. Na ɗaga kai ina kallon sauran suna haye rufin gidaje, zarurrukan suna reto, har suka zama ɗige-ɗige, gajimare ya haɗiye su. Da kuɗina aka saye su, da hannuna na ɗauko su. Wanda na riƙe ɗaya ne tak.

Da za mu tafi Yaya ba ta rako ni ƙofa ba. Nura ta ba ƙunshin cincin ya kawo mini mota.

Komawa

A tasha na soke balan-balan ɗin nawa da allurar mayafina, na naɗe shi da zarensa na ƙulle a bakin zane. Bas ɗin ƙarfe huɗu muka hau. Hauwa ta yi barci, ni ina kallon sama ta taga ko zan hango wani.

Mun shiga gida bayan magariba. Na tambayi surukina, mijin Hauwa, a wane kwandon shara ake sa irin wannan, tunda council, wato hukumar gari, ta ba su kala-kala. Ya nuna mini ɗaya. Na ce daga nan ina ake kai shi? Ya ce, "Wallahi Mama, ban taɓa tambaya ba." Ban jefa ba. Yana cikin akwatina. In na kai shi Yauri ma, na san inda kwatarmu take zubewa, na kuma san inda kogin Kwara yake ƙarewa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Nura, da Yaya Binta da ta ciyar da mu, duk da har yau ba ta ɗauki wayata ba. Sauran da suka tashi, kullum in na idar da salla ina roƙon Allah ya saukar da su a kan tudu. Ban san ko an amsa ba.