Irin da ke Cikin Bango

Jiya na gifta wani lambu a hanyar Maska, zanena ya gogi ganyen tumatir, ƙamshin ya biyo ni har kan babur. Kun san shi, ɗanyen ƙamshin nan mai ɗaci-ɗaci da ke maƙalewa a yatsa. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma sai da mai babur ya tambaye ni ko ƙwaro ne ya faɗa mini a ido.

Kakata tana da wani tumatir a gindin rijiyar gidanmu na ƙauye, wajen Malumfashi. Ba ja ba ne sak. In ya nuna, sai ka ga ratsin ɗorawa da kore sun sauko daga hancinsa zuwa ƙasa, kamar an ja su da aska. Mai tsaga take ce masa. Ita ma tana da tsaga a kumatu, kuma takan ɗaga shi kusa da fuskarta ta ce wannan ɗan gida ne, ba ya ɓata. Tsaminsa kuwa, biyu sun ishi tukunyar miya. Mu yara muna satarsa mu ci da gishiri da yajin ƙuli, ruwan na bin gwiwar hannu.

Yadda take ajiye irin ne ya fi ba ni haushi a lokacin. Ƙarshen damina za ta zaɓi waɗanda suka nuna tuɓus, ta matse su a tafin hannu, ta cuɗa da toka, ta shafa a bangon ɗakinta na laka, can sama inda kaza ba ta kaiwa. Haka zai bushe ya zauna, dabbare-dabbare. Ruwa na sauka ta kankare da sakaina ta yafa. Ni da na fara sakandare na ce mata akwai kwalba a duniya, akwai leda. Ta ce kwalba takan fashe, leda ɓera ya ja, amma ba ta taɓa jin an wayi gari an nemi bango an rasa ba.

Ina makarantar kwana ta rasu. Kafin in dawo hutu, baffana ya kawo magina sun shafe ɗakin da siminti, don ɗansa zai yi aure ya tare a ciki. Na shiga na ga bango sumul, an yi masa shuɗin fenti. Na tambaye shi ina irin Kaka. Ya ce wane iri, shi dai ya ga ƙazantar tsofaffi a bango, ya ce a rufe.

"Baffa, tumatirin da ka girma kana ci ka binne," na ce.

Innata ta harare ni, wai ba a yi wa babba magana haka. Shi kuwa Baffa ya daɗe yana kallon bangon, ya saka takalmi ya fita.

Na nema, kada ku ce ban nema ba. Maƙwabtan da Kaka ta sha ba dashe duk sun koma irin fakiti. Na zaga kasuwar Funtua, na je Musawa ranar kasuwa. Wani mai sayar da iri ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa zai sayi tumatir mai tabo?"

Yanzu a Funtua nake aure, ina shuka tumatir a tsofaffin buhuna bayan kicin. Yana yin 'ya'ya, jajaye, fuska sumul kamar ta yaranmu na yanzu, ka yanka ba ƙamshi. Ban ce a koma yi wa yara tsaga ba. Amma da, in ka ga abu ka san na gidan wa ne.

Duk zuwan da na yi ƙauye sai na shiga ɗakin nan na dafa bango. Irin yana nan, kaurin yatsa ne tsakanina da shi. Na san ƙila ya mutu tuntuni, ba sai an gaya mini ba. Daminar bana simintin ya tsage daga sama, daidai wurin. Baffa yana ta neman magini. Ni kuwa na ɗauko sakaina na ajiye a jaka, kuma duk gidan ni kaɗai ke addu'ar tsagar nan ta ƙara buɗewa.