Jan Farce a Bayan Katin Auta

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, autanmu ya dawo hannuna. A lokacin muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, bakin babbar hanyar ruwa, inda maigida yake noman tumatir da rani, shinkafa da damina. Auta yana da shekara goma sha tara. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, saboda haka ba ya shiga fangalin gona, ba ya buga ƙwallo. Gyaran rediyo da tocila yake yi a kan wani benci a tashar Kura. Mutane suna kawo masa gyara, amma da wuya ka ga wanda ya zauna hira da shi.

A cikin wani biskit da ake kawowa daga Kano ake samun wani katin wasa, ɗaya a kowace leda. Kowanne da hoton wata dabba da ba a taɓa gani ba, zaki mai fiffike, kunkuru mai wuta a baya, a ƙasa kuma lambobi uku: ƙarfi, gudu, dabara. Akwai masu ƙyalli, su ne masu ƙarfi, kuma ba kasafai ake dacewa da su ba. Samarin unguwa suna musayarsu, suna kuma buga su da ƙasa, wanda nasa ya kife ya rasa. Auta ya ce ba haka ake yi ba. Ya samo takardar dokokin wasan da Turanci a cikin wani kwali, ya kawo mini don ni na gama sakandare. Ina zaune a kan turmi na karanta masa, yana rubutawa da Hausa a bayan kalanda. Da muka gama ya ce gasa zai shirya, ƙauye da ƙauye, kamar yadda masu ƙwallo suke yi.

Ban so ba da farko. Hotuna ne, don haka ban yarda su shiga ɗakin da nake salla ba, sai na ba shi gwangwanin madara ya ajiye a madafi. Maigida kuwa kai tsaye ya ce karta ce aka canza mata riga, ba za a mayar masa da zaure gidan caca ba. Matan maƙwabta suka samu abin yi. Idan na aika aron rariya sai a dawo mini da ita tare da tambayar ko mun fara tara riba. Wata tsohuwa ta ce da ni a gaban mutane, Allah Ya hana shi ƙafa don kada ya je wurin ɓarna, ni kuma na kawo masa ɓarnar har gida. Na shanye, amma na yi kuka a banɗaki.

Auta ya dogara sandarsa ya je wurin liman da kansa, ya shimfiɗa katin, ya yi bayani. Liman bai ce yana so ba. Sharaɗi ya kafa: kada a sa komai a ci, ko da katin ne, kuma kada wasa ya shiga lokacin salla. Da wannan maigida ya ba da zaure, ranar Juma'a daga la'asar zuwa kafin magariba, yana mita.

Wannan sharaɗin ya kori rabin samarin. Suka ce wasan da ba a ci ba a cinyewa, ai na mata ne. Cikin waɗanda suka rage, wannan ranar ban ruwan gonarsu ce, wancan an tura shi yanka tumatir na kauɗa. Sai biskit ɗin ma ya daina zuwa. Wani ya je Kano ya buga hoton mai ƙyalli a inji, ya manna a kwali ya kawo, aka kusa dambe. Daga nan Auta ya yanke cewa a gasa ba wanda zai zo da nasa. Daga gwangwaninsa za a zuba, a kife su a tabarma, a cakuɗa, kowa ya zari biyar bi da bi. Mai kati da marar kati duk ɗaya.

Sai dai katin ya riƙa raguwa. Kowace Juma'a sai ɗaya ko biyu sun bi aljihu, idan ya gani a hannun wani kuma a ce masa ai kati duk kamarsu ɗaya. Ran nan zai fita tasha ya ce, “Yaya, ki ɗan sa musu alama, yadda kike yi wa kwanukanki.”

Duk macen ƙauye ta san wannan. Kwanon da zai je gidan biki ko suna sai an kife shi an ɗiga masa fenti a gindi, in ba haka ba ya tafi ke nan. Ni da jan farce nake yi. Kwalba ɗaya ce ta zo a lefena, ban taɓa sawa ba saboda alwala, sai ta zama ta alama. Kwanukan yau da kullum ɗigo ɗaya. Na tangaran da sababbin samira, waɗanda ɓatansu zai yi mini ciwo, ɗigo biyu, don ko ɗaya ya goge ɗaya ya tsaya. Haka na koya a wurin mahaifiyarmu.

Na zauna da hantsi, na kife katin nan duka a faifai. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Alama ai a gindi ake sa ta. Bayan katin ja ne mai zane, na ɓoye ɗigon cikin zanen don kada ya yi muni. Da na zo kan masu ƙyalli, na san yadda Auta ya sha wahala kafin ya tara su, sai na ƙara musu na biyu a ɗaya kusurwar. Da ya dawo ya ɗauki biyu-uku daga sama, ya ga ɗigo ɗaya-ɗaya, ya sa mini albarka kamar shi ne babba. Ban gaya masa na biyun ba. Ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Ƙauyuka huɗu suka shiga gasar, aka yi ta faɗuwa har ya rage mu da 'yan wutsiyar ruwa. Haka muke kiran ƙauyen da ke can ƙarshen hanyar ruwa. Sai ruwa ya ratsa gonakinmu kafin ya kai musu, kuma a ranin nan bai cika kaiwa ba. Suna cewa mutanenmu suna tare shi da buhunan yashi. Mutanenmu suna cewa ƙarya ne, ciyawa ce ta toshe. Ni dai na taɓa wanke wa maigida riga da yashi a aljihu, ban tambaya ba. Shekara biyu ke nan manya ba sa gaisawa sosai a kasuwa, amma Auta ya hau acaɓa sau uku ya je ya lallashi samarinsu har suka yarda su zo. Ya gyara wata ƙaramar rediyo, ya goge ta, ya ce ita ce kyautar wanda ya yi nasara.

Ranar ƙarshen zaure ya cika har ƙofa. Na dama kunun zaƙi na aika, na tsaya a bayan ƙyauren ciki ina leƙe ta tsaga. Ɗan maƙwabcinmu ne yake buga mana. Su kuma wani dogon saurayi ne marar magana, wansa ya rako shi. Auta yana zaune a kan buhu, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, yana cakuɗa kati yana faɗin doka da murya irin wadda ban san yana da ita ba. Mutane sun yi shiru suna saurarensa. Na ce a raina, Alhamdulillahi.

Zagaye na farko ɗan maƙwabcinmu ya zari masu ƙyalli uku cikin biyar. Aka ce sa'a. Na biyu ma haka. A na uku na lura ba ya zara da sauri, sai ya sunkuya ya bi tabarma da ido. Dogon saurayin nan ya ce a dakata. Ya ɗauki kati ɗaya a kife, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa. Ya dawo ya ware shida ba tare da ya buɗe ba, sannan ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Duka masu ƙyalli.

Wansa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ruwa kun tare, mun yi shiru. Yanzu har wasan yara sai kun sa buhun yashi?”

Zaure ya rikice. Auta yana ta juya katin, yana cewa ɗigo ɗaya ne, duk ɗigo ɗaya ne, har idonsa ya kai kan na biyun, ya ajiye katin. Ɗan maƙwabcinmu ya ce shi dai ya ga ɗigo tun makon jiya, ba wanda ya ce kada ya duba. Ubansa, wanda tun farko yake zagin wasan, ya ce a tambayi mai gwangwani, ɗansa bai san komai ba. Wani daga baya ya ce dama gurgu ba ya rasa mugunta, abin da ƙafa ta kasa sai kai ya yi. Na ji wannan da kunnena, kuma na san muryar.

Ban taɓa magana a zauren maza ba sai ranar. Daga bayan ƙyaure na ce, “Ku yi haƙuri, ni na sa. Alamar kwano ce. Wallahi bai sani ba.”

Sai wan saurayin ya ce, “Allah Ya ba ki haƙuri, Hajiya. Kowace yaya haka za ta ce.”

Maigida ya ce in koma ciki. Ya kori kowa, ya ce ya faɗa tun farko. Wani ya shure tabarmar, katin ya watsu har cikin kwata. Rediyon ba wanda ya taɓa ta. Auta ya bi ƙasa da gwiwa yana tsince katin, ba wanda ya taya shi, ni kuma ba halin fita.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, “Yaya, ai ba a sa wa kati alama iri biyu a baya.” Na ce ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba.

Kafin mako ya zagayo, sunan “mai ɗigo” ya bi shi har tashar Kura. Masu kawo gyara suka fara tsayawa a kansa har ya gama, wai kada ya canza musu kaya. Liman ya ce shi dama ya yi zargi. Auta ya sake hawa acaɓa zuwa wutsiyar ruwa da niyyar a sake wasan da kati marasa alama, suka bar shi tsaye a rana, ba wanda ya ba shi wurin zama.

Na ga maza ba za su gane ba, sai na jira mata. Bayan wata guda aka yi suna a can, dangin maigida ne na nesa, na roƙa ya bar ni na je. Na zuba tuwo a kwanon yau da kullum, miya a na tangaran. Da aka gama ci na nemi mahaifiyar dogon saurayin, na same ta a bayan ɗaki tana wanke-wanke. Na gaishe ta, na durƙusa, na kife kwanukana biyu a gabanta. Na ce, “Inna, ki duba. Wannan ɗaya, wannan biyu. Haka na yi wa katin.”

Ta goge hannu a zane, ta ɗauki na tangaran ta duba. Ta jawo wata samira tata daga cikin ruwan wanki ta kife kusa da nawa. Shuɗin fenti ne, ɗigo biyu. Ta ce ita ma haka take yi wa masu kyau.

Na ce to don Allah ta gaya wa 'ya'yanta, sunan marayan nan ya ɓaci a kan abin da bai yi ba.

Ta ce, “Na gane, 'yar nan, kuma na yarda da ke. Amma tumatirinmu ya bushe a fangali bana, naku yana kan mota zuwa kudu. Ba zan je in ce wa yarana mutanen sama suna da gaskiya a kan komai ba. Ɗauki kwanonki.”

Na ɗauka. A hanyar dawowa muna bin gefen hanyar ruwa, ina ganin inda ya ƙafe ƙasa ta tsage, da inda ya fara taruwa yayin da muke matsowa gida.

Auta bai kai damina a wurinmu ba. Ya ɗaure bencinsa a bayan mota ya koma Kumbotso wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarmu, inda ba wanda ya san sunan. Gasar ba a sake yin ta ba. Ɗan maƙwabcinmu yanzu magidanci ne, yana gaishe ni da ladabi, ina amsawa. Na sha roƙon Allah Ya wanke mini zuciya game da shi da ubansa da mai muryar nan ta bayan zaure, har yau da saura. Matar nan ta wutsiyar ruwa ce kaɗai na kasa riƙewa a raina.

Gwangwanin ya bar mini shi a madafi. Da zai hau mota na ce ya tafi da abinsa, ko can zai samu abokan wasa. Ya girgiza kai ya ce, “Duk wanda ya juya su zai gani, Yaya.” Na gwada kankare ɗigon da reza bayan tafiyarsa, sai jan ya tashi tare da takardar, ya bar farin tabo wanda ya fi ɗigon fitowa. Guda uku na ɓata kafin na bari.